Harshen Mai Ludayi — Shafi na 19

Kwana huɗu ban sako muku komai ba, har wata ta biyo ni akwatin saƙo tana tambaya ko aure na yi ban gayyace ku ba. Ban yi ba, wayata ce ta faɗa bokitin wanki. Mu koma bakin motar abinci.

*

Goma saura kwata ta samu Mai Ludayi ita kaɗai a cikin motar. Tun da sassafe mijinta ya tuƙo ta ya ajiye inda take tsayawa kullum, jikin katangar asibiti, ya wuce garejinsa. Ta gama yanka albasa, ta wanke shinkafa ta tsane a kwando. Tagar sayarwa a rufe take, ƙofar baya ma ta janyo ta saboda ƙudaje.

Ta ɗora babbar tukunya a kan murhu, ta laluba aljihun rigar girkinta ta ciro ashana.

Aka turo ƙofar baya. Auta ce, ƙanwarta, da ledar kaji a kowane hannu. Ƙafa ɗaya ta sako ciki ta tsaya cak.

"Yaya."

"Kin makara."

"Yaya, kar ki kyasta."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Ledojin ne kawai suka zube ƙasa. Kafin Mai Ludayi ta juyo, Auta ta damƙe mata wuyan hannu, ta zare tsinken ashanar daga yatsunta a hankali, yadda ake raba yaro da reza. Ta durƙusa ta murɗe kan tukunyar gas, ta miƙe ta bankaɗa taga, sannan ta janyo yayarta waje.

Suka tsaya a bayan motar, wajen bencin da masu ci suke zama. Auta ta dafa gwiwoyinta tana haki. Maigadin asibiti ya leƙo daga ƙofarsa yana toshe hanci da hula.

"Gas ɗin wa ke zuba haka?"

"An rufe, Malam," in ji Auta. "An rufe."

Mai Ludayi ta tsaya tana jiran gabanta ya faɗi. Ta san haka ya kamata. Ta kalli hannun Auta yana rawa, ta kalli nata, ko motsi ba ya yi. Abin da ya zo mata a rai kawai shi ne kajin da ke ƙasa, za su kwashi datti.

Auta ta ɗago.

"Tun daga wajen mai wankin takalma na fara jin warin. Na ɗauka daga gidan abincin tsallake ne."

Ta matso kusa da yayarta.

"Minti nawa kika yi a ciki?"

"Ban duba agogo ba."

"Kin yanka albasa kwano guda. Kin wanke shinkafa. Ƙofa a rufe, taga a rufe."

"Mura nake."

"Wata bakwai kina mura?"

Mai Ludayi ta zauna a kan bencin. Ba don ƙafarta ta kasa ɗaukar ta ba, sai don ta ga maganar mai tsawo ce.

Wata bakwai ɗin kuwa cif. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita kwana shida, ranar da ta tashi aka haɗa mata shayi, ta kurɓa ta ji ruwan zafi. Ta ƙara sukari, ruwan zafi. Ta shiga kicin ta ɓare tafarnuwa ta kai hanci, kamar ta shinshina dutse. Ta je asibitin nan na bayansu a ɓoye, likita ya ce abin yana iya dawowa bayan wata guda, ko shekara. Ta ce in bai dawo ba fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce ta riƙa addu'a.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta samo ƙaramin kofin silba ta yi masa zane uku da bakin wuƙa, na gishiri, na barkono, na dunƙule. Ta koyi gane soyuwar albasa da kalarta, nunar kaza da ƙarar manta. Sauran kuma a fuskar masu ci take karantawa.

"Yaushe kika sani?" ta tambaya.

"Ranar da firji ya mutu kaji suka kwana."

"Na shinshina su ranar."

"Kin shinshina. Kin ce lafiyarsu lau." Auta ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin. "Yaya, ƙuda ma sai da ya yi shawara kafin ya sauka a kansu. Kina juya baya na kwashe na zubar, na je na karɓo wasu."

"Kika yi shiru."

"Ke ma ai shirun kika yi."

Wata mota mai ɗaukar marasa lafiya ta shige asibitin ba jiniya. Mai Ludayi ta bi ta da kallo har ta ɓace.

"Amma abinci bai canja ba," ta ce. "Ba wanda ya taɓa dawo da faranti. Ina da awona."

Auta ta yi wata dariya wadda ba ta da daɗin ji.

"Kofinki mai zane uku?"

"Kin gan shi ke nan."

"Ni nake wanke shi. Yaya, tumatirin yau ba na jiya ba ne. Wani da tsami, wani da zaƙi, wani ruwa ne zalla. Barkono ma kowane buhu da halinsa. Kofi bai san wannan ba."

"To wa ya sani?"

"Kullum sha ɗaya da rabi kina fita karɓo ƙanƙara."

"Ina fita."

"Minti goma kike yi. A minti goman nan nake gyara miyar."

Mai Ludayi ta kalli ƙanwarta. Shekararta ashirin da shida, amma ita har yau yarinyar da take goyawa zuwa makaranta take gani. Shekara huɗu suna motar nan tare, aikin Auta miƙa cokali da leda da goge benci. Ko albasa ba ta cika bari ta yanka ba, wai tana yin ta manya-manya.

"Kullum?"

"Ban da ranar da na je ɗaurin auren ƙawata. Ranar kin tuna direbobin tasi sun ce cikinsu a cike yake?"

Ta tuna.

"Ina tsaye a gefenki mutane suna cewa hannun Mai Ludayi ya ƙara kyau bana," in ji Auta. "Ke kina cewa na gode, na gode. Ni ina ƙulla leda. Kura da shan bugu."

"Gardi da karɓar kuɗi," Mai Ludayi ta ƙarasa mata, kamar mai karanta allon talla a bakin titi.

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ne ai."

Auta ta ciro waya ta kira mijin yayarta. Kalma biyar ta faɗa masa ta kashe.

*

Ba a yi minti ashirin ba Bakanike ya iso a kan babur, sabon tiyo a rataye a wuyansa, hannunsa baƙi ƙirin da man inji. Bai gaishe da kowa ba. Ya shiga motar ya kwanta a ƙasan murhu. Suna jin ƙarar sufana. Can ya ce a ba shi ruwan sabulu, ya shafa a mahaɗar, ya tsaya yana kallo ko kumfa za ta taso. Ba ta taso ba. Ya sake shafawa. Ya sake.

Ya fito da tsohon tiyon ya lanƙwasa shi a gabansu. Tsagar ta buɗe baki, yatsa zai shiga.

"Ƙarfen bayan murhu ne yake cin sa," ya ce. "Tun watan jiya na ga ya tsufa. Na ce sai Asabar. Asabar huɗu ke nan."

"Ba laifinka ba ne," in ji Mai Ludayi.

Ya durƙusa a gabanta yana duba fuskarta.

"Madam, kanki ba ya ciwo? Ba kya jin jiri?"

"Kai ma ka sani?"

Ya kalli Auta. Auta ta kalli ƙasa.

"Ka sani," ta ce.

Ya goge hannunsa a wando, abin da ta hana shi tun suna sabon aure.

"Shekara goma sha ɗaya kina koro ni daga bakin ƙofar ɗaki, wai in je in cire kayan gareji kar in sa miki wari a labule. Wata rana na manta na shigo da su, har na zauna a bakin gado. Ba ki ce komai ba. Washegari na sake, da gangan. Shiru. Na ɗauka fushi kike da ni."

"Sai kuma?"

"Sai na sayo turaren nan da kika ce warin maganin sauro yake. Na fesa rabin kwalba. Yara suka watse daga ɗakin suna tari. Ke kika ce in miƙo miki filo."

Auta ta rufe baki da mayafi. Dariya ce ko kuka, Mai Ludayi ba ta tantance ba.

"Sai kuka haɗa kai."

"Ba haɗa kai ba ne. Mun ce a bar ki har ki faɗa da bakinki. Na san ki, in aka riga ki faɗa sai ki ga kamar an tuɓe ki a kasuwa."

"To ga shi an faɗa."

"Madam."

"Ka koma aikinka. Sha biyu za a fara layi."

Ya daɗe a durƙushe. Ya naɗe tsohon tiyon ya cusa a aljihu, ya hau babur. Ba hanyar gareji ya bi ba, amma ba ta tambaye shi ba.

Ta tashi ta kwashe kajin daga ƙasa, ta sake wanke su. Auta ta biyo ta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Akwai sauran magana."

"Faɗi."

"Mai Gilashi ya kira ni."

Mai Ludayi ta dubi tsallaken titi ta taga. Gidan abincin yana nan da gabansa na gilashi tun daga sama har ƙasa, kujeru ja, fanka tana juyawa. Shekara uku da buɗe shi, kuma tun ranar mai shi yake ƙorafin motarsu tana tare masa fuska, hayaƙinta yana shigar masa. A bakin titin nan ba mai kiran sa da wani suna sai Mai Gilashi.

"Me ya ce?"

"Ya ce gilashinsa yana kallon tagarmu. Wata biyar yana ganina kina fita ina ɗaukar ludayi."

"Ashe har tsallake an sani."

"Yana so in riƙe masa kicin. Ni ce babba, masu girki uku a ƙarƙashina. Na ce zan ba shi amsa ranar Asabar."

Mai Ludayi ta yanka cinyar kaza daidai gaɓa. Wuƙar ta wuce sumul.

"Ki je."

"Me?"

"Ki je mana. Wuri ne mai kyau."

"Haka kawai?"

"To me zan ce?"

"Ki zage ni. Ki ce ni butulu ce. Ki ce ke kika yi min komai tun da Inna ta rasu. Ki jefe ni da ludayin nan yadda kika yi ranar da na ƙona shinkafa." Muryar Auta ta fara karyewa. "Yanzun nan saura ƙiris in zo in tarar da ke gawayi, kina zaune kamar an ce miki farashin albasa ya tashi."

Mai Ludayi ta ajiye wuƙar.

"Ba na jin komai, Auta."

"Na sani ai."

"Ba hanci da harshe nake nufi ba." Ta ɗan tsaya tana neman yadda za ta faɗa. "Kullum da asuba ina ɗaukar ƙaramar 'yata in kai hancina tsakiyar kanta. Kin san ƙamshin kan yaro. Sai in ji kamar bango na shinshina. Watan farko ina kuka. Na biyu ma. Daga baya kukan ya daina zuwa. Abinci in ci don kar in faɗi. A yaba min in ce na gode. Ɗazu da kika ƙwace ashanar nan, na tsaya ina jira in tsorata."

"Kin tsorata?"

"Har yanzu ina jira."

Auta ta share fuska da bayan hannu. Da ta buɗe baki kuma, muryar ta bushe.

"Yau ba zan taɓa tukunyar nan ba."

"To."

"Ba mugunta ba ce. So nake ki gani da idonki, tunda shi ya rage miki. Ki dafa da kofinki. Gas kawai zan riƙa kunna miki."

"To."

*

Ta yi komai yadda ta saba. Albasa ta yi ja daidai, ta zuba tumatir, ta jira mai ya taso sama. Gishiri zuwa zanen farko, barkono zuwa na biyu, dunƙule zuwa na uku. Sha ɗaya da rabi ta yi, ba ta fita ba. Auta ce ta je ta karɓo ƙanƙarar.

Miyar ta yi kyau a ido. Ja wur, tana sheƙi.

Sha biyu aka fara sayarwa. Layi ya miƙe har wajen mai wankin takalma, ma'aikatan ofis da katinsu a wuya, direbobin tasi, masu jinya da kwanukansu. Mai Ludayi tana zuba shinkafa da miya da kaza, Auta tana miƙa cokali.

Ta farko nas ce, wata doguwa da ba ta taɓa fashi ba. Ta zauna a benci ta kai cokali ɗaya. Ta tsaya. Ta kai na biyu, ta buɗe ruwa ta shanye rabi. Ta rufe robar a hankali.

"Zan ƙarasa a ciki, aiki ya yi min yawa."

Ba ta kalli taga ba da za ta wuce.

Wani tsohon direba, wanda tun zamanin babansu yake ci a motar, shi bai iya ɓoye-ɓoye ba. Ya taso da farantinsa ya jingina da taga.

"Mai Ludayi, tambaya gare ni."

"Ina ji, Kawu."

"Gishirin ne ya faɗa tukunya, ko tukunyar ce ta faɗa buhun gishiri?"

Na kan benci suka yi dariya, irin ta mutanen da suka samu wanda ya faɗa musu abin da ke bakinsu.

"A yi haƙuri," ta ce.

"Ba komai, kowa da ranarsa. Ko maigidan ne ya ɓata miki rai? Faɗa min in je in sace masa taya."

Ta yi murmushi, don nan ne wurin murmushi.

Auta ta matso kusa da kunnenta.

"Wata uku ke nan da mai gishiri ya canja mana. Wannan mai laushi ne, kofi ɗaya nasa biyu ne na da. Kullum sai na ƙara tumatir da ruwa."

Mai Ludayi ta gyaɗa kai ta ci gaba da zubawa.

Magana ta bi layi kamar wuta a ciyawa. Na baya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wasu suna duba waya kamar an kira su, su tsallaka titi su shige ƙofar gilashi. Bokitin da ake zuba ragowa, wanda kan wuni bai kai rabi ba, ya cika kafin ƙarfe ɗaya. Ta tsaya tana kallon shinkafar da ke cikinsa, ja da fari, da cinyoyin kaza da aka gutsura sau ɗaya aka bari. Ta lura murfin bokitin ya tsage, ya kamata a sayi wani.

Sai ga tasi ta tsaya a bayan motar. Bakanike ya fito daga gaba, ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, ya miƙa hannu.

Sanda ce ta fara fitowa, sannan ƙafar da ke ja.

"Baba," in ji Auta, cokulan hannunta suka zube.

Shi ya ƙera motar nan da hannunsa daga tsohuwar bas, shi ya yanka tagar, ya yi shekara ashirin da biyu yana girki a cikinta kafin hawan jini ya taɓa masa ɓari ɗaya. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti ya ɗora mukullin a tafin babbar 'yarsa. Rabonsa da bakin titin nan ya fi shekara.

Tsohon direban ya tashi ya ba shi wuri. Baba ya zauna, ya jingina sandar, ya daɗe yana kallon motar tun daga taya har rufi.

Mai Ludayi ta sauko ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Uwata." Haka yake kiran ta, sunan mahaifiyarsa gare ta. "A zubo min."

"Baba, bari in soya maka ƙwai," in ji Auta da sauri. "Yanzun nan."

"Wadda ke tukunya."

"Likita ya hana ka gishiri."

"Na ce wadda ke tukunya."

Mai Ludayi ta koma ta zuba masa, ta zaɓo ƙirjin kaza don haƙoransa. Ya karɓa da hannunsa mai lafiya, ya yi bisimilla.

Ya kai cokali na farko. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya kai na biyu. A hankali yake ci, yana taunawa da gefe ɗaya, miya tana ɗan zubo masa a gefen bakin da ba ya ji, Bakanike yana goge masa. Sauran masu ci suka sulale. Auta ta juya baya tana kallon katanga.

Sai da ya cinye tas, ya kankare farantin.

"Alhamdulillahi. Ruwa."

Ya sha kofi biyu.

"Ku zo nan ku biyun."

Suka durƙusa a gabansa, kafaɗa da kafaɗa, kamar lokacin da suke yara in sun fasa wani abu.

"Mijinki ya nuna min tiyon," ya ce. "Ya faɗa min sauran a hanya. Na so in ji da bakina, na kuwa ji." Ya miƙa tafin hannunsa. "Uwata, mukullin."

A wuyanta yake, a jikin igiya, cikin riga. Ta ciro shi ta kan ɗankwali. Da ɗuminsa. Ta ɗora masa a hannu, ta ga ashe wannan ma ba wuya.

Auta ta goge tafinta a zani, ta ɗan matso, ƙila ma ba ta san ta yi ba.

"Ba ke ba," in ji Baba.

Ta tsaya.

"Yayarki ciwo ne ya same ta, kunya ta hana ta faɗa. Wauta ce, amma na san irinta. Ke kuwa lafiyarki ƙalau. Wata bakwai kin san ba ta jin wari, kina barin ta ita kaɗai da gas da ashana kowace safiya, ke kina can kina zaɓen kaji. Miya kika iya gyarawa."

"Baba, rufa mata asiri nake."

"Da kin makara minti ɗaya yau, da likkafani za ki rufa mata." Ya juya kan surukinsa. "Da kai. Mutum uku, ba mai baki ko ɗaya."

Bakanike ya sunkuyar da kai.

Baba ya ɗauki sandarsa ya ɗaga ta sama, ya yi alama da ita zuwa tsallake. Ƙofar gilashi ta buɗe. Wani mutum mai farar riga da agogo a hannu ya fito, ya duba dama da hagu, ya fara tsallakowa.

"Shekara uku yana aiko min in sayar masa da motar nan," in ji Baba. "A cikin tasi na kira shi."

"Baba, ba haka muka yi da kai ba," in ji Bakanike. "Cewa na yi ka zo ka yi mata magana."

"Ai na yi."

Mai Gilashi ya iso, ya rusuna ya gaishe da Baba hannu biyu, ya tambayi jiki. Ya gaishe da Bakanike. Ya yi wa matan sannu da aiki, idonsa ya ɗan sauka a kan bokitin ragowa ya ɗauke.

Baba ya nuna masa mukullin.

"Ga ta nan. Ka ja ta ka kai inda ka ga dama, ka huta da hayaƙi."

"Zan saya, Baba, amma ba zan ɗauke ta daga nan ba."

"Da ba ka ce tana tare maka fuska ba?"

"Da ke nan. Na zauna na ƙirga layin da take tarawa." Ya gyara agogonsa. "Ga yadda na tsara. Auta ta yi girki a kicin ɗina, a riƙa tsallako da tukwane sha ɗaya da rabi. A cire murhu da gas daga motar gaba ɗaya, ba sauran haɗari. Ita kuma," ya nuna Mai Ludayi da hannu cikin ladabi, "ta tsaya a taga ta riƙa zubawa yadda ta saba. Mutanen nan ita suka sani, sunanta suke bi. Ba sai an faɗa musu wa ya dafa ba."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Auta.

Baba ya riƙa juya mukullin a yatsunsa. Ga alama bai zo da shirin wannan ba. Ya kalli motar, ya kalli tagar da ya yanka da hannunsa.

"Uwata, kin ji. Ba wuta, ba ashana, kuma kina nan a wurinki. Me kika ce?"

Duk suka zuba mata ido. Mijinta yana gyaɗa mata kai a hankali, shi dai ta tsira. Ita kuwa ta laluba cikin ranta ko za ta samu wani abu, so ko ƙi, ko ɗan zafi. Taga, ludayi, na gode, na gode. Ba abin da zai canja daga yadda take tun wata bakwai. Ta ga za ta iya.

Ta buɗe baki.

Auta ta miƙe tsaye, ta kwance rigar girkinta ta ninke ta, ta ajiye a kan benci kusa da farantin Baba.

"Ki amsa masa, Yaya," ta ce. "Amma in kika ce e, daga yau ba ni da yaya."